Usur ɗin da Ban Busa Ba

Memramcook, 9 ga Agusta

Zuwa ga Noella, sanyin idona, farin watan da ya faɗi ya bar ni ina lalube, furen bakin teku da gishiri ya kasa ƙonawa, ke da ko sunanki aka ambata a kasuwa sai abin da ke hannuna ya nemi suɓucewa,

Ina gaishe ki gaisuwar mutumin da ya san ba shi da sauran bakin gaishe ki. Ina fata kina lafiya a can Rimouski, ina fata marasa lafiyan da kike jinya sun san irin hannun da Allah ya kawo musu. Shekara biyu da wata huɗu ke nan rabona da muryarki. Na san idan kin ga rubutuna a bayan ambulan za ki so jefa ta a murhu, kuma ba wanda zai ga laifinki. Amma ina roƙonki, don darajar ranakun da muka yi, ki karanta har ƙarshe. Akwai abin da na ɓoye miki, kuma ya fi ƙarfin ƙirjina.

Tsuntsayen sun dawo, Noella! Tun ƙarshen Yuli suka fara sauka, yanzu kuwa gaɓar da ke ƙasan gidanku ta cika maƙil, har ba ka iya bambanta tsakuwa da tsuntsu sai tsakuwar ta motsa. Jiya da teku ya ciko, suka tashi gaba ɗaya, dubbai a kan dubbai. Suka juya baya sararin ya yi duhu, suka juyo da fararen ƙirazansu ya haske kamar an watsa azurfa a kan ruwa. Kowa a bakin gaɓar sai da ya yi ajiyar zuciya. Ni kaɗai na sunkuyar da kai. Ina amfanin kyau ga idon da ba ki tsaye kusa da shi? Wa zan taɓa da gwiwar hannu in ce masa duba?

Kin tuna ranar farko? Yayanki Fernand ya zo gyara mini matakalar gida, ya ga kyamarar da na saya ina ta ɗaukar karnukan maƙwabta da ita, ya yi dariya har ya ajiye guduma. Ya ce, "Taho in nuna maka abin da ake yi da wannan abar." Ya kai ni bakin teku, na yi awa biyu ina harbin iska. Sai ga ki kin gangaro daga gida da shayi a fulas da burodi mai ruwan rake a cikin tsumma, iska na wasa da gashinki, takalmanki na roba sun yi jajir da taɓo. Kika karɓi kyamarar ba ki tambaye ni ba, kika fara dubawa.

"Wannan hoton mene ne?" kika ce.

Na ce, "Tsuntsu."

"Yana ina?"

"Ya wuce."

Fernand ya faɗi a kan tsakuwa yana riƙe da ciki. Ya ce, "Mutum yana tuƙa 'yan makaranta arba'in kullum bai taɓa zubar da ko ɗaya ba, amma ɗan tsuntsun da bai kai tafin hannu ba ya gagare shi!" Ke kuwa ba ki yi dariya ba, ko da yake na ga tana cin gefen bakinki. Kika ce, "Bin su kake a baya, shi ya sa. Ka tsaya inda za su zo, ka jira su." Kika kama kafaɗata kika juya ni na ba rana baya. Wallahi, Noella, har yau wurin da yatsunki suka taɓa ya fi sauran jikina ɗumi.

Damina uku muka yi a wannan gaɓa mu uku. Fernand ya koya mini haƙuri, ya koya mini in riƙe numfashi kafin in danna. Ke kika koya mini saurare. Kina rufe mini ido da tafin hannunki ki ce in faɗa miki ta ina garken zai ɓullo, in ji ƙarar fukafukansu na tahowa kamar yayyafi a kan rufin kwano, in ji ƙanshin sabulu da lemo a hannunki, in manta tambayar ma gaba ɗaya. Ya ke mai tafiya kamar ciyawar fadama idan iska ta bi ta kanta! Ya ke mai murya kamar ruwan farko bayan ƙanƙara ta narke! A kan tsohon kututturen nan da teku ya jefo na durƙusa miki, gwiwata ta nutse a taɓo, kika ce, "Tashi kafin ka shige ƙasa, na yarda." Muka sa rana a watan Oktoba. Mamarku ta fara ɗinki. Wa ya kai ni arziki a duk faɗin wannan gaɓa?

Yanzu sai ranar da kika sani, wadda kuma ba ki sani ba.

Kin san Fernand ya daɗe yana son hoton garken ta ɓangaren teku, gaɓa da jajayen duwatsu a bayansu, abin da ba a samu sai mutum ya taka taɓo ya shiga can ciki lokacin da ruwa ya janye. Kin san ya shiga da safiyar sha bakwai ga Agusta, shekara uku da suka wuce. Abin da ba ki sani ba shi ne yarjejeniyar da muka yi kafin ya sauka. Ya ciro usur daga aljihunsa, irin na alƙalin wasa, ya rataya mini a wuya. Ya nuna mini baƙin dutsen nan da ke bakin rafin da ke ratsa taɓon. Ya ce, "Ƙanena, ni idan ido na cikin kyamara ban san duniya ba. Ruwa ta baya yake zagayowa, ta rafin nan. Da ka ga ya taɓa dutsen, ka busa. Aikinka ke nan yau, ba ɗaukar hoto ba." Na ce, "Sai ka ce yaro kake aika?" Ya ce, "Surukin da bai gama biya ba ai yaro ne," ya ja mini hula ta rufe ido, ya sauka yana dariya.

Na tsaya ina kallon dutsen, Allah shaida ne na tsaya. Ruwa yana nesa. Can sai shaho ya faɗo daga sama kamar jifa, ya tsaga garken biyu. Noella, ban taɓa ganin abu irin wannan ba, kuma ba na fatan in sake gani. Suka dunƙule, suka warware, suka miƙe kamar hayaƙi, suka kwanto dab da ruwa, suka nufo ni kai tsaye rana na bayana, daidai inda kika koya mini in tsaya. Hannuna ya ɗaga kyamara ban aike shi ba. Na ce a raina guda ɗaya kawai. Na danna, na sake dannawa, na bi su hagu, na bi su dama, usur na lilo a ƙirjina yana bugun maɓallin rigata, ina jin bugunsa, ban tsaya ba.

Da na sauke kyamarar, babu baƙin dutse. Ruwa ya shanye shi. Rafin ya zama kogi. Sai a lokacin hazo ya taso daga bakin teku, fari fat, ya haɗiye komai. Na busa usur har na ji ɗanɗanon jini a bakina. Na shiga ruwan har ƙirji, taɓo ya riƙe mini ƙafa, na fito da rarrafe, na ruga neman mutane. Sauran kin sani: jiragen ruwa, kwana biyu na nema, da inda aka same shi.

Da aka tambaye ni, na ce hazo ne ya riga ruwa zuwa. Na ce ban ga komai ba. Haka na gaya wa 'yan sanda, haka na gaya wa Fada, limamin cocinmu, haka na gaya wa mamarku, haka na gaya miki. Kuma a maƙabarta, da aka gama addu'a, kika kifa fuskarki a ƙirjina, daidai inda usur ɗin ya yi lilo, kika ce, "Na gode Allah da kai ne a wurin. Na san ka yi duk abin da mutum zai iya." Kaico! Da wuƙa kika soka mini da ya fi mini sauƙi.

Sai bayan wata guda na iya buɗe hotunan a kwamfuta, wata ranar Lahadi bayan an taso daga coci. Kyamara ba ta san kunya ba, kowane hoto da lokacinsa a jiki. Minti goma sha ɗaya na yi ina ɗauka. Sararin tas yake, babu ko ɗigon hazo. A cikinsu akwai guda ɗaya da ya fi duk abin da na taɓa ɗauka kyau, kowane fiffike a fili, haske na ratsa gashinsu. A can ƙasa kuma, a kusurwar hagu, ga wani ɗan baƙin abu kamar tsinke. Na ƙara girmansa. Fernand ne, tsaye, ruwa na sheƙi a bayansa, fuskarsa na kallon wajena, hannunsa ɗaya a sama.

Yanzu kin san abin da ya shiga tsakaninmu. Kin yi zaton son da nake miki ne ya mutu. Kin yi zaton baƙin ciki ya mai da ni dutse, ko kuwa wata ce a wani wuri. Na ɗage bikin zuwa bazara, na sake ɗagewa. Kina zuwa da miyar kaza da dankali a tukunya ki zauna gabana, ni ina kallon tebur, don idanunki irin nasa ne, kuma duk sanda kika ɗaga hannu za ki gyara gashinki sai numfashina ya tsaya. Ta yaya zan tsaya a gaban bagade in karɓi hannun ƙanwar mutumin da na bari a cikin ruwa? Ta yaya kuma zan buɗe baki in faɗa, in ga wannan fuska da nake ƙauna ta juye ta zama ta baƙuwa? Tsoro ya hana ni aurenki, tsoro ya hana ni sakinki. Ranar da kika ajiye zoben kusa da kofin shayina a watan Afrilu, kika ce, "Alcide, na yi ta ƙwanƙwasawa, ba kowa a gidan." Kika jira in yi magana. Na ji ƙarar motarki har ta haye gada, bakina a rufe.

Tun daga nan ban rabu da shi ba. Ba a mafarki yake zuwa mini ba, da rana tsaka yake zuwa. Kowane Agusta ƙafata na kai ni gaɓar ko ban so ba. Ina kafa kyamara, ina jira inda za su zo, garken ya taso, in sa ido, sai in gan shi a kusurwar hagu, hannu a sama. In ɗago kai, babu kowa sai taɓo da ruwa. In mai da ido, yana nan. Shekara uku ban danna ko sau ɗaya ba. Baƙin da ke zuwa daga Toronto da manyan kyamarorinsu suna ɗauka ni gwani ne mai jiran abin da ya fi wannan. Wata tsohuwa ma ta ce mini, "Malam, kai kam akwai haƙuri!" A filin makaranta kuwa, idan malamin wasanni ya busa usur ina zaune a mota ina jiran yara, sai in ji sanyin ruwan nan ya hau mini har ƙirji.

Ranar Talatar da ta wuce na kasa jurewa. Na wanke hoton a takarda, na hau tudu zuwa gidanku. Na tarar da Mama a baranda tana ɓare wake a cikin kwano. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ikon Allah. Ashe ka san hanya." Ban zauna ba. A tsaye na faɗa mata komai, da usur, da dutse, da minti goma sha ɗaya, da ƙaryar hazo. Ba ta katse ni ba, hannunta ma bai daina ɓare waken ba sai da na miƙa mata hoton. Ta goge hannu a zanenta, ta aike ni ciki in ɗauko mata gilashin da take karanta jarida da shi. Ta daɗe a kansa. Na ji kukan tsuntsayen daga ƙasa, na ji agogon falonku.

Can ta ce, "Kai a ganinka me yake yi?"

Na ce, "Kirana yake, Mama. Neman taimako yake."

Ta ce, "Ni na haife shi. Mai neman taimako hannu biyu yake ɗagawa. Wannan ɗaga hannun na san shi tun yana ɗan shekara shida, idan ya ga wani abu a sama yana so kowa ya gani. Nuna maka su yake, sakarai. Cewa yake kada ka bari su wuce."

Na zauna a kan matakala. Amma ba ta bar ni na sha iska ba. Ta ce, "Kada ka yi saurin jin daɗi. Da ka busa, da wataƙila yana nan yana cin waken nan. Ba zan yi maka ƙarya ba, ƙarya ta ishe mu a gidan nan. Shi ma da ya ji maganata da bai taka taɓon ba, sau nawa ina faɗa masa. Ku biyu kuka yi wautar, ɗaya ya biya da ransa." Ta share ido da bayan hannu. "Teku ya ɗauke mini ɗa, wannan na kai wa Allah. Amma 'yata ba teku ya kore ta ba, kai ne. Ka bar yarinya tana tambayar kanta me ta rasa."

Na ce, "Ki yafe mini."

Ta ce, "Yau dai ban yafe ba. Ka dawo Lahadi ka gyara mini ƙofar rumbu, mu gani. Kuma ba ni zan gaya wa Noella ba. Da hannunka za ka rubuta."

Ga shi na rubuta. Na sa hoton a cikin wata ƙaramar ambulan na liƙe, yana tare da wannan takarda. Idan kin so ki buɗe, idan kin so ki ƙona, naki ne fiye da nawa. Ban sani ba ko Mama gaskiya ta gani, ko kuwa uwa ce ta zaɓi abin da zuciyarta za ta iya ɗauka. Na sake duba shi sau ba adadi tun ranar. Wani lokaci ina ganin murna a tsayuwarsa, wani lokaci ina ganin mutum da ya waiga ya ga ruwa. Ina jin haka zan yi ta gani har in mutu, kuma na daina roƙon a sauke mini.

Abu ɗaya nake so ki sani, ya ke hasken safiyata, ko da shi ne na ƙarshe da za ki karɓa daga gare ni: ba ki rasa komai ba. Ba a taɓa samun safiyar da na farka ban neme ki ba. Lokacin da nake zaune gabanki kamar gunki, a cikina ihu nake da sunanki. Na so ki ranar da kika juya kafaɗata, na so ki ranar da kika ajiye zobe, ina son ki yau da nake ba ki dalilin da za ki tsane ni da hujja. Ke ce inuwar da na gudu daga gare ta na shiga rana da ƙafata. Wane irin mahaukaci ne ƙishirwa ke kashe shi a bakin rijiya, don yana tsoron ganin fuskarsa a ruwan?

Ba na ce ki dawo mini ba, ban isa ba. Idan wani ya riga ya samu wurin da na yi sakaci da shi, Allah ya sa ya fi ni gaskiya, ni kuma bakina ba zai furta komai ba sai alheri. Amma idan akwai sauran wani abu, ko da fushi ne, to ki kawo mini shi. Ki zo ki tsaya a gabana ki faɗa mini duk abin da na cancanta, da ƙarfi, maƙwabta su ji. Ki kira ni maƙaryaci, ki kira ni matsoraci, duka sunayena ne. Zan tsaya in ji, ba zan kalli tebur ba. Zagi daga bakinki ya fi mini wannan shirun da na gina da hannuna.

Duk ranar da jirgin ƙasa ke saukowa daga wajenku, zan je tashar Moncton in tsaya a bakin ƙofa har mutum na ƙarshe ya fito. Ba sai kin aiko da amsa ba, ba sai kin faɗi rana ba. Idan kin sauko kika wuce ni ba ki dube ni ba, zan ɗauki jakarki in kai ki gidan Mama, in juya. Idan ba ki zo bana ba, baɗi ma akwai jirgi.

Naki, da laifinsa a tafin hannu, wanda ba zai ƙara ɓoye miki komai ba, ba kuma zai so wata bayanki ba har a rufe shi da ƙasa,

Alcide